Uwar Karofin Kawu Sanda

Ku da kuke zama a gindin dalbejiyar ƙofar gidana kuna cewa rini ba aiki ba ne, a sayo garin kala a kanti, a tafasa ruwa, a tsoma, a shanya, to ku matso kusa. Ba faɗa zan yi ba, ko da yake kun san ban cika rasa shi ba. Jikata Hajara ce ta tayar mini da zancen, wadda ke koyar da kimiyya a wata makaranta a Katsina. Ta zo hutu ta same ni a bayan ɗaki ina juya tukunyar nan da kuke toshe hanci in kun wuce, sai ta tsuguna ta ba ni labarin wata halitta ta cikin teku.

Ta ce 'yar abar ba ta fi babban yatsana ba, ba ta da ƙashi, ga hannuwa barkatai a gabanta. A cikinta akwai wani ɗan aljihu inda take ba wasu ƙwayoyi masauki, masu rai ne amma ido ba ya ganinsu. Ita ke ciyar da su, su kuma su yi mata haske. In farin wata ya sauka a kan ruwa, hasken cikinta shi ke shafe inuwarta, manyan kifayen da ke ƙasa su duba sama ba su ga abin ci ba. Kullum da asuba sai ta fesar da mafi yawansu ta rage kaɗan, kafin yamma sun sake cika aljihun. Kuma ba da su ake haihuwarta ba, a ruwan da iyayenta suka zauna take tsintarsu.

Na ajiye muciya na ce, "Amarya, ai labarin karofi kike ba ni."

Ta yi dariya ta ce, "Shi ya sa na kawo maka shi, Kaka. Abin da ke cikin tukunyarka ma danginsu ne, sai dai su launi suke ba ka."

Ni ban taɓa ganinsu ba, kuma ban san sunansu ba sai a bakinta. Abin da na sani shi ne suna jin yunwa, suna jin sanyi, suna fushi, suna kuma mutuwa. Na san shekarar da suka kusa ƙare mana gaba ɗaya, kuma ita zan ba ku labari.

Aikina na farko a marina ɗiban ruwa ne. Mahaifina ya gaji da ni a gona, don ba na iya kai kunya ɗaya ƙarshe ban ɗaga kai na dubi hanya ba, sai ya kama hannuna ya kai ni wurin yayan mahaifiyata, Kawu Sanda, mai marina a bakin rafi a yammacin Batsari. Kawu dogo ne, mai ƙarancin magana, ya yi karatun allo har ya sauke, hannuwansa baƙi ƙirin har gwiwar hannu. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce da mahaifina, "Wanga ƙafa tai ba ta zama." Ya miƙo mini tulu ya nuna mini rafi. Karofi rami ne da zai shanye mutum biyu a tsaye, bakinsa kuwa bai fi ka rungume ba. Kafin ka cika guda ɗaya da tulu, wuyanka ya san ka shiga sana'a.

Daga ruwa aka ƙara mini girma zuwa toka. Nakan bi gidaje ina kwasar tokar murhu, mata suna yi mini ba'a, in kawo Kawu ya murza ta a yatsa, ya ɗora a harshe, ya zubar da rabi ya ce ta ƙarare ce, ba ta da ƙarfi. Sai katsi, wato lakar da ke kwanciya a gindin karofi in ya tsufa. Ni ake zurawa da igiya in kwaso shi, a cura, a shanya, a ƙona da kashin shanu har ya yi fari. Da shi ake haɗa sabon ruwa, da shi kuma ake yin lason da ake shafe ramin don kada ya tsotse. A marina ba a zubar da komai sai abin da ya mutu.

Haɗa karofi kuwa, ga yadda yake. Ka cika ruwa, ka zuba toka da katsi, ka zuba busasshen baba, ganyen da ke ba da shuɗi, kwando-kwando, ka rufe da murfin kaba mai tsini. Sai jira. Ni kuwa jira shi ne abin da Allah bai ba ni ba. In baba ya jiƙa ya taso, a kwashe a daka a mayar. Sannan a shiga juyi da muciya, doguwar sanda ce da ta fi mutum tsawo, safe da yamma, har kumfa ya tashi mai ruwan jan ƙarfe da shuɗi. Ka tsoma yatsa ka ji santsi, ka ɗora a harshe ka ji ya ɗan cije ka. Ranar da ka tsoma farin ƙyalle ya fito kore kamar ɗanyen ganye, ka riƙe shi a iska yana rikiɗa a hannunka har ya koma shuɗi, ranar karofi ya nuna. Na ga wannan rikiɗa fiye da yadda zan iya ƙirgawa, har yau in na gani sai na tsaya.

Amma duk wannan da na faɗa, kowane marini daga nan har Kano ya sani. Abin da ya bambanta marinar Kawu shi ne uwa. A can ƙarshen layi akwai wani karofi da ba a rini a cikinsa, kuma ba a taɓa kwashe shi ƙaf ba tun zamanin kakan Kawu. Kullum da safe Kawu da kansa yake buɗe shi, ya kwashe ƙwarya guda ya zuba a wani ramin, ya mayar da ruwan toka, ya ba shi ɗan baba da tafin dusar gero, ya juya a hankali kamar mai tashin jariri. Duk sabon karofin da za a haɗa, sai an zuba masa ƙwarya ɗaya daga uwa. Wanda ya sha uwa yakan nuna da wuri, launinsa ya kama zare har ciki, ya shekara ana wanki bai kode ba. Saboda wannan baƙin ne Fulani ke ratso daji daga Runka da Safana su wuce marinai uku su zo wurinmu.

Uwa tana da dokoki. Ba a sayar da ita. Mace ba ta zuwa kusa da ita, ko inuwarta ba a so ta faɗa a kai. Ba a ba kowa sai almajirin marina da ya gama koyo: ranar da za a sallame shi, maigida zai kama hannunsa na dama ya tsoma a cikin uwa har gwiwar hannu, ya ɗebo ƙwarya ɗaya ya ba shi, ya je ya kafa tasa marinar. Wannan ƙwaryar nake nema tun gemuna bai fito ba. Na riga na zaɓi wuri a Runka kusa da kasuwa, na riga na gina ramukan a cikin kaina.

Duk kaka sai in tambaya, in mun gama sallar la'asar yana zaune yana miƙe ƙafa.

"Kawu, bana fa?"

"Mi kake sauri, Mamman?"

"Na iya haɗi, na iya juyi, na iya bugu. Rawanin liman ni na rina shi, kai da kanka ka ce ya yi."

"Ya yi. Tahi ka rufe ramu, rana ta yi sanyi."

Haka nan kowace shekara. Haushi yakan cika ni har in kama muciya in juya karofi da ƙarfin da bai kamata ba, shi kuwa daga inda yake zaune, ba tare da ya waiwayo ba, sai ya ce, "Ba da shi kake faɗa ba."

Baban rininmu daga wurin mutum ɗaya muke saye, wata Bamagujiya mai suna Tambai, a wani ƙauye kusa da Babban Duhu. Gajera ce mai faɗin kafaɗa da murya kamar ta namiji. Ita ke noma babanta a fadama, ta yanka, ta sassare, ta shanya a inuwa, ba ta haɗa shi da ganyen banza don ya yi auki. Sana'arta ta biyu kuwa giya ce, duk yankin an san tukwanenta. In mun je da jaki, Kawu ba ya shiga gidanta, a bakin danga yake tsayawa, ko ruwa ta kawo sai ya ce ya sha a hanya. Ita kuma sai ta ce, "Malam, ruwan rijiya ne, ban haɗa shi da komi ba." Su gaisa, su tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, su yi ciniki, mu juyo. A kan haka suka tsufa, ban taɓa jin sun saɓa ba.

Sai shekarar da yaƙin Turawa ya yi zafi. Akoko da atamfa suka ɓace daga kasuwa, masaƙan da suka jingine aiki suka koma kai, zare da fari suka yi mana yawa har muna shanya a kan dangar maƙwabta. Mun ɗauka shekarar arziki ce. Ana cikin haka aka ce Gwamna na son kuza, an aza wa kowane gari majiya ƙarfin da zai bayar a kai su Jos. Sauran ma'aikatan Kawu biyu, da suka ji ƙishin-ƙishin, suka shige dajin Rugu, ba a sake jin ɗuriyarsu ba sai bayan an daina ɗiba. Da mai unguwa ya iso marina, ni kaɗai ya tarar da muciya a hannu.

Kawu ya dafa sanda ya miƙe, don a lokacin gwiwoyinsa sun fara cin amanarsa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ga ɗari na tahe. In ka ɗauke wanga, wa zai taya ni da uwa?"

Mai unguwa ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam Sanda, ni ma aiko ni anka yi."

Ni kuwa a raina murna nake yi, don zan ga jirgin ƙasa. Da safen da za mu tashi na je sallama, na same shi a bakin uwa ya durƙusa da ƙyar. Na jira ko zai ce wani abu game da ƙwaryata. Bai ɗago ba, ya ce, "Ka komo."

Ba zan daɗe a kan kuza ba, don ba sana'ata ba ce. Mun taka a ƙasa har Funtuwa, aka loda mu a jirgi, murnata ta ƙare tun kafin mu sauka. Aikin shi ne ka ɗauki kwanon ƙasa a ka, ka hau, ka zubar, ka sauko, ka sake. Sanyin wurin ba irin namu ba ne, yana shiga ƙashi, ya kwantar da mutanen da suka fi ni ƙarfi, wasu ba su tashi ba. Ni abin da nake dubawa kullum hannuna ne. Da farko 'yan'uwan aiki suna kirana Mai Baƙin Hannu. Sannu a hankali fatar ta saɓule, launin ya koma farce kaɗai, farcen kuma yana tsiro fari daga gindi yana tura shuɗin waje. Duk safiya in na ji sanyi sai in ce, yau uwa na bukatar a rufe ta da tsumma, ko Kawu ya iya fitowa? Ni da na ƙagara in bar bakin ramin nan, sai ga shi ba na tunanin komai sai shi. Ranar da na yanke shuɗin ƙarshe daga farcena na ji tsoro sosai.

Bazara ta kawo kai aka sallame mu. Tun daga bakin rafi hancina ya ba ni labari. Karofi mai rai warinsa kaifi gare shi, ya shiga hanci ya wuce. Wannan kuwa warin mushe ne. Na bi ramukan ina ɗaga murfi, ruwa ya yi toka-toka, ba kumfa, ba motsi. Na bar uwa a ƙarshe don ba na son in gani. Ita ma haka.

Maƙwabcinmu Nomau, manomi ne mai kirki, shi ya taho ya same ni a tsugune. Ya yi mini barka da dawowa, sannan ya yi mini gaisuwar Kawu, ya ce tun tsakiyar ɗari Allah Ya karɓi abinsa. Na yi salati, na zauna a ƙasa. Daga baya na tambaye shi ramukan.

"Wallahi mun yi iya yinmu, Mamman. Da ƙafa ta hana shi, mu munka karɓa. Kullum sai mun zuba musu toka, ba mu yi rowa ba, mu tuƙa su sosai. Masu kaya sun matsa, munka riƙa tsoma musu. Lafiya lau ake, sai da tsohon ya ruɗe."

"Ya ruɗe kamar yaya?"

Ya rage murya. "Bamagujiyar nan mai giya. Da rana tsaka, kowa na gani, ya sa ta buɗe uwa ta zura hannu. Daga ranar abin ya lalace. Ai ka san doka."

Na zura muciya a uwa, ta tsaya a kan toka tun ba ta yi nisa ba. Sun ɗauka tuwo ne, in an ƙara gari a ƙara tuƙi. Ban yi masa faɗa ba, don mutumin ya bar aikin gabansa ya yi wa Kawu hidima, shi ya yi masa wanka ma. Amma maganar Tambai ta tsaya mini a rai. Kawun da ko ruwan gidanta ba ya sha?

Na kwashe rami ɗaya na wanke, na haɗa shi da ragowar baban da na samu a rumbu, ba uwa. Na jira, na juya, na jira. Ya yi kumfa kaɗan kamar mai jin kunya. Aikin farko da na tsoma zanen wani Bafillace ne mai suna Buba, wanda ya kawo tun kafin a tafi da ni, na matarsa ne da ta haihu, yana so baƙi wuluk irin wanda aka san mu da shi. Na tsoma, na shanya, na tsoma, har na gaji. Buba ya zo ya ɗaga zanen a rana, ya juya shi, ya murza gefe a tafinsa, launin ya biyo hannun.

"Mamman, wannan ba na gidan nan ba ne."

"Na gidan nan ne, Buba."

"A'a. Yaron da anka haifa har ya fara zama, in jira ne na iya. In kuwa abin ya tafi tare da tsoho, faɗa mini in wuce gaba."

Ya ajiye zanen a kan murfi ya kora shanunsa. Na san in Buba ya wuce gaba, duk Fulanin daji sun wuce, marinar kakan Kawu ta zama ramukan da awaki za su riƙa faɗawa. Na kasa zama, na kasa tsayuwa. Washegari da sassafe na kama hanyar Babban Duhu, ko jaki ban nema ba. Ban san abin da zan ce mata ba, na dai san ina so in ji da bakinta.

Na tsaya a bakin danga inda Kawu ke tsayawa, na yi sallama. Ta fito tana share hannu a zane. Abin da na fara gani ke nan: hannunta na dama baƙi ne har gwiwa.

"Ɗan Sanda, ka komo? Sannu da hanya. Ina gajiya? Ya muka ji da haƙuri?"

"Haƙuri da godiya, Inna. Mun same ku lafiya? Ya yara, ya gona?"

"Lafiya lau. Ka rame." Ta dube ni da kyau. "Da faɗa ka zo ko da ƙwarya?"

Na sake duban hannunta. Ta ce in shigo, in ba haka ba ita ba za ta iya fito da abin ba. Karo na farko ke nan da na taka cikin gidan. Ta wuce da ni bayan ɗakin girki inda tukwanen giyarta suke jere, a gefen murhu kuma ga wata babbar tukunya an binne ta har wuya, an rufe da faifai da tsohon bargo. Tun kafin ta ɗaga na ji warin. Kaifi gare shi. Ta ɗaga faifan, kumfa ya yi tozo a kai, jan ƙarfe da shuɗi, yana ƙyalli.

Na durƙusa. Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba, ita kuma ta yi kamar ba ta gani ba.

Ta ce, "Na kai mishi baba da kaina, da na ji shiru. Na iske shi yana jan gindi zuwa marina, mutane na ta zuba toka kamar masu gini. Ya kira ni ya ce, Tambai, waɗanga za su kashe ta da alheri, kuma ba su jin magana. Ke kin san abin da ke da rai a tukunya. Na ce, Malam, dokarku fa? Ya ce, doka don ta rayu anka yi ta. Ya sa na zura hannu can gefe inda tokar ba ta kai ba, na cika tulu biyu, na aza wa jaki."

"Ke kika riƙe ta duk ɗarin nan, Inna?"

"Wa zai riƙe ta, kai kana can kana haƙar ƙasar Bature? Kullum da safe in kwashe kaɗan in zubar, in ƙara ruwan toka, in ba ta baba da dusa, yadda ya ce. In sanyi ya yi yawa in matso mata da garwashi. 'Yar'uwar giyata ce, sai dai ta fi ta saurin fushi. Masu shan giyata har sun fara cewa hannuna na ɓata musu ƙwarya."

Na ce zan nemo tulu in ɗiba. Ta ce in dakata, akwai saƙo.

"Ya ce in ka komo da ƙafarka, ba a aika an kira ka ba, to ka nuna. Ya ce hannunka ya daɗe da iyawa, ƙafar yake jira. Miƙo."

Na miƙa mata hannuna na dama, fari fat kamar na wanda bai taɓa aiki ba. Ta kama wuyan hannun da ƙarfi, ta tsoma shi a tukunyar har gwiwa. Ruwan da ɗumi. Ta riƙe shi a ciki ta ce, "Ni ban san abin da kuke karantawa ba, karanta abinka." Na yi bisimilla, na yi wa Kawu addu'a. Ta fito da hannun kore shar, muka tsaya mu biyu muna kallonsa yana rikiɗa a iska.

Tafiyar komawa ita ce mafi wuya da na taɓa yi, har da ta Jos. Tulu a ka, an rufe bakinsa da ganye, kuma uwa ba ta son girgiza. Ni da ba na iya tafiya sai da sassarfa, ranar sai da na taka kamar amarya, ina tsayawa a kowace inuwa in taɓa tulun in ji ko ya yi zafi. Mutanen da na saba wucewa a hanya suka riƙa wuce ni suna tambaya ko lafiya.

Na kwashe tsohon ramin uwa, na fasa tokar Nomau da gatari, na sake shafe shi da laso, na mayar da ita ɗakinta. Kafin ruwan farko ya sauka na rina zanen Buba. Ya ɗaga shi a rana, ya murza, ya duba tafinsa, ya naɗe ya sa a kafaɗa, ya ce, "To." Wasu a gari suka ce ba za su kawo kaya ramin da hannun mai giya ya shiga ba. Da suka ga zanen a jikin matar Buba ranar kasuwa, sai suka riƙa aiko da kayan ta hannun wasu. Nomau kuwa har ya rasu yana nan a kan cewa Tambai ce ta kashe marina, ni kuma ban fasa gaishe shi ba. Ita, duk kaka nakan rina mata zane in kai mata da kaina, in shiga har cikin gida in sha ruwa.

Runka da na gina a kaina, ban taɓa zuwa ba sai cin kasuwa, shi ma in juyo kafin la'asar. Ƙafata ba ta daina ƙaiƙayi ba, kada ku ɗauka na zama waliyyi. Sau da yawa nakan tsaya a bakin ramin in zagi uwar karofin, in ce ke kin ci kin ƙoshi kina kwance, ni kin ɗaure ni. Amma ita ta ciyar da ni, ta aurar da 'ya'yana, ta kai uwar Hajara makaranta. Da garin kala ya cika kasuwa, ramukan suka rufe ɗaya bayan ɗaya, wurin ma yanzu an yi gidaje. Na kwaso uwa na mayar da ita tukunya a bayan ɗaki, kamar yadda na gan ta a gidan Tambai.

Yanzu gwiwoyina sun fara irin na Kawu. Makon jiya na tambaye ku, ku da kuka ce abin ba wuya, wa zai riƙa zuwa da safe ya juya mini. Ɗaya ya ce yana da kabu-kabu, ɗaya ya ce warin na sa shi amai, sauran kuka shiga duban ƙasa. Ban ji haushi ba, don na san yadda hanya take kiran mutum. Hajara ce ta ce akwai wuri a bayan ɗakinta a Katsina, kusa da murhu. Na ce mata ba a zuba uwa a jarka, ba a barinta ba juyi ko da ranar Juma'a ko ranar Sallah, kuma in ta karɓa ta gama yawon hutu. Ta ce ta ji.

Jiya da safe na kama hannunta na tsoma a cikin uwa. Da yamma na same ta a bakin rijiya tana ta dirza da sabulu, ga shi jibi za ta koma gaban 'yan aji.

"Kaka, wane sabulu ke fitar da wannan?"

Na ce, "Babu shi, Amarya. Zai fita da kansa ranar da kika daina zuwa wurin uwa."

Ta dubi hannun, ta ajiye sabulun a bakin rijiya, ta tafi neman tulu.